Tashar jirgin ƙasa ta Kano: tarihinta, da yadda ake tafiya ko aika kaya ta layin dogo

Duk wanda zai yi hulɗa da jirgin ƙasa daga Kano, fasinja ne ko mai kaya, ya riƙe abu ɗaya tun kafin ya bar gida: layin dogo iri biyu ne a ƙasar nan, kuma jirgin wannan ba ya hawa wancan. Tsohon layi, wanda ya shigo tashar da ke wajen ganuwa ta gabas, kusa da Fagge da kasuwar Singa, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067. Sabon layi, irin na Abuja zuwa Kaduna, tazararsa milimita 1,435 ce. Ƙafafun tarago a manne suke da sandar da ta haɗa su, ba a matse su, ba a buɗa su. Shi ya sa mutum zai ji a rediyo an ce jirgi ya dawo aiki, ya garzaya tasha, ya tarar da ita tsit. Labarin gaskiya ne, amma na wancan layin ne. Don haka tambayar farko a kowace magana ta jirgi ita ce, a wane layi?

Yadda dogo ya iso Kano

Ba daga Legas aka faro layin Kano ba. Daga Baro aka faro shi, wani gari a bakin kogin Kwara da ke jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda dama injiniyan soja ne da ya yi aikin layin dogo a Sudan. Dabarar ita ce a kawo kaya ta ruwa zuwa Baro, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauka ta Minna da Kaduna da Zariya. Layin ya iso Kano a 1911, Sarki Abbas yana kan gado, aka buɗe shi ga jama'a da 'yan kasuwa a 1912. Ya kamata a faɗi abin da ba a cika faɗa ba: yawancin waɗanda suka sare dajin, suka ɗauki ƙasa a ka, suka jera ƙarafan, talakawa ne da aka ɗebo daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai, da yawansu ba da son ransu ba.

A wannan shekara ta 1912 aka haɗe layin Baro da na Legas a ƙarƙashin hukuma ɗaya, mahaɗarsu tana Minna. Gadar Jebba, wadda layin Legas yake tsallaka kogin Kwara a kanta, ba ta kammala ba sai 1916, kafin nan a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Da gadar ta samu sai tauraron Baro ya dusashe, hanyar Legas ta zama ita ce hanya, tsawonta kilomita 1,126 daga Iddo zuwa Kano. Daga baya aka miƙa layin gabas ta Ringim da Malam Madori har Nguru a 1930, aka kuma cire reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929.

Auduga Turawa suka ƙwallafa rai a kai, saboda masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi musu: tana son jigawa, in kasuwa ta faɗi ana iya ci, audugar kuwa masaƙan gida suna sayenta da daraja. Fatake da suka goge a cinikin goron Gwanja suka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa, fitacce a cikinsu Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Dalar gyaɗa da ake yi wa kallon alamar arziki tana da wata fuska ta biyu. An tara buhunan ne saboda jirgi ya kasa kwashe su da saurin da suke shigowa, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, sai a jera su a lulluɓe da tamfol suna jiran tarago. Wannan matsala ta ƙarancin tarago har yau ita ce babbar damuwar mai kaya, kuma za mu dawo kanta.

Tashar ce ta ja garin zuwa gabas. Kantunan kamfanonin Turawa suka jeru a kusa da ita, Kwarori suka kafa nasu a inda ya zama Kantin Kwari, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi daga kudu. Ayarin raƙuman Tarabulus ya ja baya, goro ya koma zuwa ta Legas a tarago, shanu da fata da ƙirgi suka riƙa gangarawa kudu ta wannan hanya. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda kowa yake kira Reluwe ko NRC. Bayan nan sai koma-baya: manyan motoci suka karɓe kaya, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya noman, gyara ya yi ƙaranci. An kawo kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, an ɗan farfaɗo, aka sake komawa gidan jiya. Babban gyara na baya-bayan nan an raba shi biyu, Legas zuwa Jebba kilomita 488, Jebba zuwa Kano kilomita 638, jirgin fasinja ya dawo a watan Disambar 2012. Tun daga lokacin aikinsa yake yi yana tsayawa, gwargwadon lafiyar layi da tsaron hanya.

Wa za ka nema a tasha

Tasha ba ofis ɗaya ba ce, kuma ɓata lokaci ne ka kai tambayar kaya wurin mai sayar da tikiti. Tashamasta shi ne mai kula da shige da ficen jirage, shi ya san abin da ya taso da abin da ya maƙale a hanya. Ɓangaren kasuwanci su ne masu tikiti da awo da farashin kaya. Akwai rumfar ajiye kaya da yadin da ake jera taragai, akwai masu gyaran kan jirgi, akwai kuma 'yan sandan Reluwe, waɗanda su ake kai wa ƙarar sata ko ɓatan kaya a cikin harabar. Kano tana ƙarƙashin shiyyar Arewa ta hukumar, wadda ofishinta yake Zariya, hedikwata kuma tana Ebute Metta a Legas. Saboda haka in maganarka ta taragai da yawa ce, kada ka yi mamaki in an ce sai an ji daga sama.

Je da safe a ranar aiki, ka shiga ofis da kanka. Kada ka tsaya a bakin ƙofa kana karɓar bayani daga wanda ya tare ka da "Alhaji me ake nema?" Wanda ba ya zaune a kan teburin hukuma, ba ya kuma iya ba ka rasit mai hatimi, ba shi ne zai amsa tambaya ba ranar da abu ya lalace.

In fasinja ne kai a tsohon layi

Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa jirgin yana aiki a wannan makon, ba a wannan shekarar ba. Lokacin da aka dawo da shi a 2012, sau ɗaya yake zuwa a mako: ya baro Legas ranar Juma'a, ya juya daga Kano ranar Litinin da safe. Ma'anar wannan ita ce taragan da za ka shiga su ne waɗanda suka taso daga can. In ba su iso ba, babu tafiya, ko me aka rubuta a allo. Tambayar da ta fi amfani ke nan: "Ranka ya daɗe, jirgin wannan makon ya taso daga can? Yanzu yana ina?" Amsar da aka ba ka za ta gaya maka fiye da abin da jadawali zai gaya maka. Haka za ka yi in na Nguru kake nema, wanda yake bi ta Jogana da Zakirai da Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa.

Sai zaɓen aji. A jirgin doguwar tafiya akan samu na gama-gari, da ajin farko mai na'urar sanyaya ɗaki, da taragon kwana mai gadaje. Tafiyar Legas awa 30 ce zuwa sama, ta Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Mokwa, Jebba, Ilori, Offa, Osogbo, Ibadan, Abeokuta. Ga tsoho, ko mai juna biyu, ko mai tafiya da ƙananan yara, kuɗin da za a ƙara don wurin kwana ba asara ba ne. Saurayi mai zuwa Zariya ko Kaduna, na gama-gari ya ishe shi. Ka sayi tikiti a tagar hukuma, ka duba kwanan wata da tashar sauka da ajin da aka rubuta tun kana tsaye a wurin, ka adana shi har ka fita daga tashar da ka sauka, domin ana dubawa a hanya fiye da sau ɗaya.

Kayan da ya wuce na hannu, kamar buhun hatsi ko ƙunshin atamfa, ana ɗora shi a sikeli a biya masa daban, a sa shi a taragon kaya. Rubuta sunanka da lambar waya da tashar sauka a jikin buhun da alƙalamin da ba ya gogewa, ba a takardar da za a liƙa ba, don takarda tana yagewa wajen lodi. Ka tsaya ka ga an ɗora, ka san taragon da aka sa shi. Fetur da tukunyar gas da duk abin da yake kamawa da wuta, kada ka ɓoye su a cikin kaya. Tarago rufaffen wuri ne mai cike da mutane.

Guzuri kuwa, yi lissafin kwana biyu ko da an ce maka kwana ɗaya da rabi ne. Ruwan sha aƙalla lita 4 zuwa 5 ga kowane babba, abinci busasshe irin su ƙilishi, dambun nama, gurasa, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa. Dafaffen abinci mai miya ka cinye shi a ranar farko. Buta da ruwan alwala naka daban, domin tankin banɗakin tarago yana ƙarewa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Tocila, batirin cajin waya, mayafi mai kauri in lokacin hunturu ne, maganin sauro saboda tsayuwar dare a yankin kogi. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ɗauki na kwana huɗu a aljihu, ba a cikin jakar da ke taragon kaya ba. Sallah kuma, matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, amma kada ka sauka ka yi nisa da jirgi sai ka tambayi gadi, wato ma'aikacin da ke kula da jirgin a hanya, tsawon tsayuwar.

Jinkirin da ake kuka da shi yana da dalilai, kuma sanin su yana rage ɓacin rai. Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke, ba sa iya wuce juna sai a tashar da ke da layin ratse. Tashamasta ba zai saki jirgi ba sai tasha ta gaba ta tabbatar masa hanya a buɗe take. In wani jirgin kaya ya lalace a tsakani, kowa ya tsaya. Da damina ruwa yana cinye ƙasar da ke ƙarƙashin layi ya bar ƙarafa a rataye, da bazara zafi yana sa ƙarfe ya miƙe ya lanƙwashe, dole direba ya rage gudu. Sannan ga ɓarayin kusoshi da maƙalan da ke riƙe ƙarfe a kan gungumensa. Ƙarfen da aka kwance wa kusoshi yana buɗewa in nauyi ya hau shi, ƙafar tarago ta faɗa tsakani. Mai sayen irin wannan ƙarfe a matsayin gwangwan yana da hannu a duk ran da aka rasa.

In kaya za ka aika

Nan ne tashar Kano ta fi amfani ga ɗan kasuwa, kuma nan ne aka fi yin asara saboda rashin sanin ƙa'ida. Jirgi yana da riba ga kaya mai nauyi, mai yawa, wanda ba ya gaggawa kuma ba ya ruɓewa: hatsi, riɗi, zoɓo, citta busasshiya, siminti, taki, fata da aka jeme, kwantena. Tumatir da ɗanyen barkono da ake so su isa kasuwar kudu cikin kwana biyu, kada ka ba wa layin da ba shi da tabbacin lokaci.

Fara da lissafi a gida. Buhu mai kilo 50, guda 20 ne tan ɗaya, buhu 600 tan 30, wato lodin tirela guda. Da wannan adadi za ka je ofishin kasuwanci ka nemi a gaya maka abu huɗu a rubuce: kuɗin tan ko na tarago zuwa tashar da kake so, nauyin da taragon yake ɗauka, ranar da za a ajiye maka shi a wurin lodi, da awannin da aka ba ka na lodi da saukewa kyauta. Wannan na ƙarshen shi mutane suke mantawa. Tarago in ya wuce lokacinsa a hannunka ana cajin kuɗin jinkiri kullum, kuma mai karɓa a can shi ma agogo yana bin sa daga lokacin da aka ajiye masa. Sannan ka ƙara kuɗin motar da za ta kawo kayan daga Dawanau ko daga sito zuwa tasha, da kuɗin 'yan dako a nan da can, da motar da za ta kwashe a can. Tirela tana ɗauka daga ƙofarka ta sauke a ƙofar mai saye, jirgi kuwa sau biyu ake ɗorawa sau biyu ake saukewa. In bayan wannan lissafi jirgi bai fi sauƙi da tazara mai kyau ba, ka ba wa mota.

Kada ka kawo kaya tasha sai ka ga taragon da idonka. Alkawarin "gobe zai shigo" ya sha barin buhuna a fili, rana ta dake su, ruwa ya same su, ɓera ya yi rabonsa. In an nuna maka shi, shiga ciki da rana tsaka ka sa a ja ƙofa. Duk inda ka ga haske yana shigowa ta rufi ko ta bango, ruwa zai shigo ta nan. Duba daɓen ko akwai rami ko kan ƙusa da zai farke buhu, ka shinshina. Taragon da ya ɗauki taki ko siminti ko man dizal, sai an share an wanke ya bushe kafin a sa abinci, domin riɗi da gyaɗa suna ɗaukar wari, mai saye kuma zai ƙi su ko ya karya farashi. Shimfiɗa tamfol ko katako a ƙasa kafin buhun farko.

Lodin kansa yana da tsari. A raba nauyi daidai tsakanin kan taragon biyu da gefensa biyu, kada a jibge a gefe ɗaya don 'yan dako sun ga nan ne kusa da ƙofa. Taragon da ya karkata yana iya sauka daga layi a kwana. A jera buhuna a sarƙe, sahu ɗaya a tsaye sahu na gaba a gicciye, don kada su zube lokacin da ake haɗa taragai suna dukan juna. A bar 'yar tazara a bakin ƙofa, in ba haka ba kaya su jingina da ita a kasa buɗewa a can. Kada a wuce nauyin da aka rubuta a jikin taragon ko da akwai sauran wuri. Nauyi fiye da ƙima yana sa mazaunin sandar ƙafa ya yi zafi, in kuwa ya yi, cire taragon ake yi a ajiye shi a wata ƙaramar tasha har sai an zo gyara, kayanka suna ciki.

Danshi shi ne ɓarawon da ba a gani. Masara da dawa su bushe har danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa, ɓararriyar gyaɗa kashi 7 zuwa 8. Ƙarfe yana zafi da rana ya huce da dare, tururin da ya fita daga hatsi ya taru a rufi ya ɗigo kan sahun sama, kuma tafiyar kudu ce, inda iska take da laima. Gyaɗar da ta yi funfuna tana haifar da guba mai lahani ga hanta, ita ce take sa a dawo da kayan Najeriya daga Turai. In za a sa ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da hayaƙi, ƙwararre ya sa, a sanar da hukumar, a manna gargaɗi a ƙofa. Hayaƙinta yana kashe mutum, kuma wanda zai fara buɗe ƙofar a can ɗan dako ne da bai san an sa ba.

Ka sa naka mutum ya ƙirga buhu yana shiga, ma'aikacin hukuma ma yana ƙirgawa, adadin ya zo ɗaya kafin a rufe. A takardar wayabil a rubuta irin kayan, adadi, nauyi, lambar tarago, lambar hatimin da aka ɗaure ƙofa da shi, da cikakken sunan mai karɓa kamar yadda yake a katin shaidarsa. Ɗauki hoton takardar da na hatimin ka tura masa nan take. Shi kuma kada ya yarda a buɗe sai ya gwada lambar. In hatimin ya karye ko lambar ta bambanta, a kira ma'aikaci da ɗan sandan Reluwe a rubuta rahoto kafin a taɓa buhu ɗaya, domin bayan an sauke babu mai sauraron ƙorafi. Tambayi kuma tun farko ko kuɗin da ka biya ya ƙunshi diyya in kaya sun lalace. In bai ƙunsa ba, yi wa kayan inshora ko takaful.

Mai harkar kwantena yana da wata ƙofar, tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2023. An ba ta matsayin tashar da kaya za su iya tashi daga ita ko su ƙare a ita, wato ana iya gama aikin kwastan a Kano maimakon tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Amma sai an shirya haka tun daga takardu. Mai shigo da kaya ya tabbatar an rubuta Dala a matsayin masauƙin ƙarshe a Form M, wato fom ɗin shigo da kaya, da takardar lodin jirgin ruwa tun kafin kaya su taso daga Sin ko Dubai. In Legas aka rubuta, a Legas za a fitar. Mai fitarwa kuma yana buƙatar rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, da fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinsa. Wajen zaɓen kwantena, mai ƙafa 20 tana da wuri kamar kubik mita 33 a ciki, mai ƙafa 40 kusan ninki biyu, amma nauyin da aka yarda su ɗauka kusan ɗaya ne. Saboda haka kaya mai nauyi irin riɗi ƙarama ake ba shi, mai cika wuri marar nauyi irin zoɓo a ba shi babba. Ka tambayi masu tashar ko a wannan lokacin jirgi ne yake kai kwantenar Legas ko mota, don kwanakin da za ka faɗa wa mai saye su zama gaskiya.

Mai son jirgin Abuja

Wannan ba daga Kano yake tashi ba, daga Rigasa ne a Kaduna, kuma Rigasa daban take da tsohuwar tashar Kaduna da jirgin Legas yake tsayawa. An buɗe layin a watan Yulin 2016, tsawonsa kilomita 186 zuwa tashar Idu da ke Abuja. Daga Kano sai ka hau mota a Unguwa Uku ko Na'ibawa, ka yi tafiyar kilomita kusan 230, ka sauka Kawo, ka bi ta bayan gari zuwa Bakin Ruwa, ka shiga Rigasa. Titin Rigasa yana cunkushewa, don haka ka ƙara awa guda a kan duk lissafinka. Mai son jirgin safe gara ya kwana a Kaduna da ya kama hanya cikin dare.

Tikiti ta intanet ake saye tun 2021, a shafin hukumar ko manhajarta, kuma bayan harin 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da jirgin har Disambar shekarar, an ɗaure sayen da lambar NIN. Sunan da ke tikiti ya zama shi ne a katinka. Nan ne masu saye a hannun 'yan cuwa-cuwa suke shiga uku: sun biya ninki, an zo ƙofa suna bai dace ba, ko an riga an shiga da wannan tikitin. Saya da wuri, musamman na Juma'a da Lahadi da Litinin da kwanakin Sallah. In banki ya cire kuɗi tikiti bai fito ba, kada ka sake biya nan take, duba imel da shafinka tukuna, ka ajiye shaidar cirewar. Ɗauki hoton tikitin a waya saboda sabis yana yankewa a tasha. Wajen sauka, mai zuwa Kubwa, Gwarimpa, Bwari ko Zuba ya sauka a Kubwa, mai zuwa Jabi, Lugbe ko filin jirgin sama ya wuce Idu. Shi ma wannan layin akan dakatar da shi, kamar yadda aka yi na makonni bayan jirgi ya sauka daga layi a Asham a watan Agustan 2025, don haka ka duba sanarwar hukumar kafin ka baro Kano.

Mahaɗar titi da layi

Saboda jirgi ya yi ƙaranci, mutanen Kano sun saki jiki da layin. An baza kaya a kansa, an kafa rumfuna a gefensa, mai Adaidaita Sahu yana tsayawa a tsakiyarsa ya sauke fasinja. Ƙarfe ne yake gudu a kan ƙarfe, babu kamun da taya take yi wa kwalta, saboda haka jirgi mai lodi yana cin ɗaruruwan mitoci bayan an taka birki, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Tarago ya fi layin faɗi sosai, wanda ya tsaya dab da ƙarfe yana ganin ya kauce bai kauce ba. Kada ka hau layi da mota sai ka ga akwai wurin da za ta fita gaba ɗaya a ɗaya gefen. In ta mutu a kai kuma jirgi ya doso, kowa ya fita ya yi nesa da layin ta ɓangaren da jirgin yake tahowa, domin gaba yake watsa tarkace.

Sabbin layuka biyu ake ginawa da za su canja wannan bayani. Na Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, an aza harsashinsa a Zawaciki a watan Yulin 2021, shi ne zai haɗa Kano da Rigasa da Abuja ba tare da hawa mota ba. Na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil ne yake yi, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Duka biyun masu faɗin 1,435 ne, ba za su yi amfani da ƙarafan tsohon layi ba. Mai niyyar kama sito ko fili saboda jirgi ya je ma'aikatar ƙasa da safiyo ya ga inda layin da tashoshinsa suka bi a taswira, ya kuma tabbatar filin bai shiga iyakar da aka keɓe wa layin ba, kafin ya biya ko sisi.